Ta Shiga

Ni ne golan Bagalam, ku tambayi masu furfura,
zamanin da raga igiyar rama ce,
layi kuwa tokar murhun Inna muke barbaɗawa,
iska ta lashe rabi kafin a hura usur.

Mushe Gonda na lakwal shi ke alƙalanci.
Ya ce da yana yaro babu kati a duniya,
baki ne kawai: "Kai, fice!" a wuni ana musu.
Da kati ya iso garinmu, kwalin sukari ya yanka,
ya shafa wa ɗaya rawaya, ɗaya ja,
ya cusa aljihu yana dafawa kamar laya.

A zamanina hannu ne sarki.
In mun ci ɗaya, Illa ya turo min ita baya,
in rungume ta kamar jinjira,
in mirgina masa, ya maido, in sake runguma,
har rana ta gangara bayan Gulbi,
'yan Mokoyo na cizon yatsa.

Sai shekarar casa'in da biyu,
wasu da ba su taɓa kurɓar furar Maraɗi ba
suka zauna nesa suka ɗaure min hannu:
wai abin da ɗan gida ya turo da ƙafa, kada ka kama.
Ƙafata kuwa taɓarya ce, daka ta sani, ba ɗinki ba.
Asabar ta farko na manta, na cafe,
usur ya tsaga min kunne.
Ban kai damina biyu ba na rataye safar hannu.

Daga benci na ga doka tana sauya riga.
Nasara ta hau daga maki biyu zuwa uku kamar kuɗin tiyar gero.
Aka haifi ƙwallon zinare, wanda ya riga ci ya tashi wasa,
ba ta yi tsawon rai ba aka kai ta makwanci.
Canji biyu ya zama uku, yau biyar,
rabin ƙungiya ta shigo da sabon huhu.
Har kumfa alƙali ke fesa wa ciyawa, sai ka ce zai mata aski.

Jiya jikana ya ja ni gidan kallo a unguwar Zariya.
Aka ci. Kwanon rufi ya kusa tashi.
Sai alƙali ya dafa kunne, ya zana akwati a iska,
muka tsaya da murna a baki kamar loma mai zafi,
ba haɗiya, ba tofarwa.
Wai kafaɗa ta yi satar gida da faɗin ƙwayar gyaɗa.
Yara na zagin na'ura.
Ni ban ce uffan ba.

Don na tuna wasan kofi da Mokoyo.
Mati ya saki wata wuta daga hagu,
ta haye toka da taki guda.
Na jawo ta, na kwanta a kai,
na goge layin da gwiwar hannu.
Mushe Gonda ya iso yana haki, rana a idonsa:
"Nomau, tsakaninka da Allah?"
Na ce ba ta shiga ba.
Muka zaga gari da kofi a kan amalanke.

Mati na sayar da tayoyi a babbar kasuwa.
Shekara talatin da bakwai bai ce min ina kwana ba.
"Ta shiga," ita ce gaisuwarsa.
In ce, "Allah ya jiƙan Mushe Gonda," in wuce.

Yau da safe na sayi shayi kofi biyu,
na zauna kan tsohuwar taya.
Kafin ya buɗe baki na riga shi:
"Mati, ta shiga."

Ya daɗe yana hura shayin.
Ya dafa kunne, ya zana akwati a iska,
ya ce, "An duba. Ba a karɓa ba.
Ka ƙwace min kofi, kada ka ƙwace min gaisuwa.
Gobe in ka zo wucewa, me zan ce maka?"